Dalilin da Ya Sa Gidan Nomau Ba Shi da Maƙabarta

Garinmu, Gidan Nomau, ba shi da maƙabarta. Ku matso, jikokina, ku ji dalili, kada gobe wani ya ce muku haka muka taso.

Da muna da ita, can gabas da rijiya. Tsakaninta da gonakin mutanen Kwarin Ɗinya akwai layin gamba da kakanni suka dasa ya zama iyaka. Kowace kaka a yanke ta a yi zana, amma ba mai taɓa saiwar. Ruwa na sauka sai ta tofo, kowa ya ga inda nasa ya tsaya.

Shekarar da kakanku Sallau ya rasu, mai garinmu Barau ya sari sabuwar gona. Da ya ga ruwa na zaizaye ta, sai ya sa a tono gambar nan da saiwarta a dasa masa. Ina cikin takaba, ba halin fita. Da suka zo wucewa da ita, na ɗaga murya ta bayan danga.

"Ranka ya daɗe, iyakar matattu kake tonewa!"

"Ke Tabawa, ji da takabarki," in ji Barau. "Matattun ne za su gudu?"

Maza suka kwashe da dariya. Har ƙanin Sallau yana cikinsu, da fartanya a kafaɗa.

Kun san kabarinmu, tudun ƙasa ne da ƙaya a kai. Damina ta bi ta kan kaburburan suka kwanta. Mutanen Kwarin Ɗinya kuwa, bana su ƙara kunya ɗaya, baɗi biyu. Kafin mazanmu su farga, garma ta shiga tsakiyar maƙabarta.

Aka je gaban hakimi. Ya zo da kansa, ya ce, "Ku nuna mini iyakarku." Barau ya nuna nan, liman ya nuna can, suka kama musu a gaban baƙi. Hakimi ya kaɗa riga ya ce, "Inda kunya ta tsaya, nan ce iyaka."

Na je maƙabartar da ƙafata. Dawa ta fi ni tsayi. Na duba, na duba, ban gane inda Sallau yake ba.

Shi ya sa har yau in an yi rasuwa, sai mun ƙetare rafi da makara, mu roƙi wuri a garin wasu. Ni ma can za ku kai ni, nesa da Sallau.

Ku ɗaga hannu, har kai da ke can kana karatu. Ya Allah, Kai Ka san makwancin kowa. Ka jiƙan Sallau da duk waɗanda ke kwance ƙarƙashin dawar nan. Waɗanda suka yi dariya kuwa, Ka bi mana hakkinmu. Ku ce amin.