Injin Yankan Ciyawar Surukina

Duk unguwarmu babu wanda ya kai ni sanin inji. Na taɓa tayar da janareto da gyaran murya kawai, na taɓa gano ciwon mota tun tana bayan kwana ban gan ta ba. Haka nake faɗa a duk inda aka zauna, kuma na faɗa har na fara yarda da kaina.

Surukina yana da injin yankan ciyawa, irin mai dogon hannu da ake ratayawa a kafaɗa, mai shan fetur. Wata biyar yana jingine a ɗakin ajiya. Da ciyawa ta cinye lambun bayan gida, aka ɗauko shi, ya ƙi tashi. Tsohon ya ce, "Kafaɗata ta gaji da shi. Duk wanda ya tayar da shi, nasa ne." Ya ɗauki sandarsa ya tafi duba wani abokinsa.

Na daɗe ina haɗiyar yawu a kan injin nan. Na ɗauke shi, na rufe cok, wato makullin iskar injin, na ja igiya. Shiru. Na ja sau arba'in, gumi har cikin takalmi, warin fetur ya cika lambun. Na zage shi, na lallashe shi. Ina shirin farke kafireta sai ga yayar matata, mai injin markaɗe a bakin titi, ta shigo ɗaukar bokiti.

"Injiniya, kokawa ake yi? Wa ke kayar da wani?"

"Yaya, wannan ba aikin markaɗe ba ne."

"To, matsa in gaishe shi."

Abin da na gani daga nan, har yau ban manta da shi ba. Da farko ba ta taɓa igiyar ba. Ta buɗe tanki ta sansana, ta ce man ya tsufa, ya yi tsami. Ta juye shi, ta aika aka kawo sabo daga shagonta, ta haɗa abin da za ta haɗa ta zuba. Ta kwance filogi, ga shi jiƙe sharkaf. "Ka shaƙe shi da mai, bawan Allah. Cok a rufe, kana ta ɗura masa." Ta goge, ta shanya, ta jingina shi a jikin ƙarfen injin ta ce in ja igiya a hankali. Wata 'yar wuta shuɗiya ta yi tsalle. Ta mayar da shi.

Sai ta ɗora tafin hannu a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ta ce in sake ja. Ta rufe ido kamar mai sauraron ƙirjin jariri. "Ba ya fitar da numfashi." Ta tsinci 'yar waya ta zura a ramin, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki, har da ɗakuna. Ja ɗaya ta yi, injin ya yi ruri, tsuntsaye suka watse daga kan katanga. Ita kuwa ta ɗauki bokitinta ta koma wurin masu jiran markaɗe.

Da tsohon ya dawo, ya tarar da ni ina yankan ciyawa ina taƙama.

"Kai ka tayar da shi?"

"Ni ne, Baba. Kunne kawai na kasa, ya faɗa mini damuwarsa."

"Madalla. Baƙin mai nawa ka haɗa a sabon fetur ɗin?"

"Baƙin mai kuma? Ai fetur zalla na zuba masa, Baba, mai kyau."

Ya ce, "Injin nan in ya sha fetur zalla, kafin ka yanke rabin abin da ka yanke ya ƙone ƙurmus. Ga shi kuwa lafiya lau. Sauke shi, ka kai wa wanda ya haɗa man, ka ce na gode."

Haka na rataya shi na bi titi zuwa wurin Yaya mai markaɗe, a gaban mutanen da suka sha jin labarin janareto.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, inji ba ya jin cika baki, kuma ƙarfi ba ya maye gurbin bin abu daki-daki. Idan naka ya ƙi tashi, duba mai, duba wuta, duba hanyar iska, kafin ka ɗora hannu a igiya. Idan kuma wani ne ya yi aikin, ka ambaci sunansa tun ba a tambaye ka ba, domin tambaya ɗaya ta isa ta raba maƙaryaci da abin da bai yi wa wahala ba.