Sharhin da Malam Jan Biro Ya Gyara

Jama'a, akwai wani malamin adabi da ɗalibai suka laƙaba wa Malam Jan Biro. Ko gaisuwa ka rubuto masa, sai ya ja layi a ƙarƙashinta. Yana da ilimi, ba a musu, sai dai a ganinsa ba wanda ya iya jera magana in ba shi ba.

Wata rana ya kawo shawara mai kyau: a buɗe wa ajinsa shafi a intanet, kowane ɗalibi ya ari littafi a laburaren makaranta ya rubuta sharhi, a ɗora da sunansa da hotonsa. Shugabar makaranta ta amince. Malam ya shiga talla ba ji ba gani. Ya tura adireshin shafin zauren iyaye na waya, ya manna sanarwa a bakin ƙofa, aka sa ranar buɗewa.

Da sharhohin suka iso, sai ya ga ba su kai matsayin shafinsa ba. Ya ɗauki jan biro. Wani sharhin ya yi masa kwaskwarima, wani kuwa ya sake shi ɗungurungum.

Cikinsu har da na wata yarinya da ake kira 'Yar Lungu, saboda kullum a kujerar kusurwa take zama. Littafinta labarin wani masunci ne da ɗansa ya shiga ruwa ya ɓata. Layi biyar kacal ta rubuta, ta fara da cewa ba ta san ƙarshen labarin ba. Malam bai ma ƙarasa karantawa ba ya ce, "Lalaci!" Ya leƙa bangon littafin, ya tsara sharhi mai daɗi, ya rufe da cewa: "Yadda uba da ɗa suka rungume juna a ƙarshe ya sa ni hawaye." Ya ɗora da sunanta.

Saura kwana biyu a yi taron buɗewa, shugaba ta kira shi ofis tana fara'a.

"Malam, tallarka ta yi nisa. Hajiyar da ta rubuta littafin masuncin nan ta ga shafin. Ta ce za ta zo da kanta, kuma yarinyar da ta yi sharhin take son gani."

Malam ya garzaya laburare ya zaro littafin, ya buɗe bayansa. Babin ƙarshe babu shi, an yage tun tuni, sai zaren ɗinki a waje. A nan ya gane abin da yarinyar take nufi. Ya zaga shagunan littattafai huɗu, kowa ya ce an daɗe da daina buga shi.

Washegari 'Yar Lungu ta tare shi a baranda, idonta ya yi ja.

"Malam, ba ni na rubuta wannan ba. Babana ya nuna wa abokansa, ya ce zai zo gobe. Idan Hajiyar ta tambaye ni, me zan ce?"

"Ki ce eh ga duk abin da ta faɗa. Marubuta yabo kawai suke so."

Da ƙarfi ya faɗe ta, amma alli sau uku yana kuɓuce masa a aji ranar. Ya san dokar shugaba sarai: malamin da ya yi wa ɗalibi aiki ya ɗora sunan ɗalibin, takardar sallama ce rabonsa.

Ranar taro ajin ya cika da iyaye, wasu a tsaye a bakin taga. Aka haska shafin a jikin bango. Hajiya ta shigo tana dogara sanda, aka ba ta kujerar gaba. Ta ce a kira mata yarinyar.

'Yar Lungu ta fito. Mahaifinta ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto.

"Jikata," in ji Hajiya, "kin ce yaron ya dawo, sun rungume juna. A wane littafi kika ga haka?"

Hajiya ta ci gaba:

"Ba faɗa na zo yi ba. Yaron nan ƙanina ne. Shekara arba'in ke nan, ko rigarsa ba a gani ba. Mahaifinmu ya rasu yana kallon ruwa, kuma haka na rubuta. Gaya mini gaskiya, kin karanta kuwa?"

Yarinyar ta waiwaya ta dubi Malam. Mahaifinta ya sauke wayarsa a hankali. Wata mata a baya ta ce, "Kai, yaran zamani da ƙarya."

Malam yana iya yin shiru, ba wanda zai sani. Amma da ya ga hawaye na gangarowa a fuskar yarinyar, sai ya miƙe.

"Hajiya, ni ne. Ni na rubuta, kuma ban karanta ba. Ita ta karanta. Ga nata."

Ya zaro takardar daga jaka, da ƙaton layin ja a kanta. Ya karanta:

"Ban san ƙarshen ba, domin an yage shi. Amma ina jin tsoro yaron ba zai dawo ba. Tun babi na huɗu uban ya daina gyara komarsa ta kamun kifi, kuma uwar ta ba maƙwabta tabarmar yaron. Na tausaya wa yayarsa, ita ce ba wanda ya tambayi yadda take."

Hajiya ta cire tabarau ta daɗe tana goge ido da gefen mayafi. Ta jawo yarinyar jikinta.

"Mutane da yawa sun yabi littafin nan. Ke ce ta farko da ta tambayi yayar."

Ta ciro cikakken littafin daga jakarta ta damƙa mata. Sannan ta dubi shugaba ta ce, "Kada ki kore shi, tunda ya tashi da ƙafarsa. Amma ya karanta."

Shugaba ta ba shi takardar gargaɗi, ta karɓe shafin ta miƙa wa ɗalibai. Aka sauke duk sharhin da ya gyara, aka mayar da na asali, da kurakuransu da komai.

Mako guda bayan haka, Malam ya je har kujerar lungu ya roƙi aron littafin. Ta miƙa masa ta ce, "Malam, har ƙarshe fa."

Darasi: Kada girman kai ya sa ka raina ɗan abin da wani ya faɗa da gaskiya, har ka sa masa ƙaryarka a baki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sau da yawa marar laifi yake fara rufzawa. Malamai da iyaye, ku gyara wa yara, amma ku bar musu muryarsu. Ku tura wa wani malami ko uba da kuka sani, ko Allah zai sa ya amfana.