Farar Motar Mai Tsari

Akwai wani ɗan kwangila da ake yi wa laƙabi da Mai Tsari. Motocin a-kori-kura huɗu gare shi, kowace da aikinta. Ɗaya ta yashi da siminti, ɗaya an yi mata keji don dabbobi, ɗaya an ɗora mata tankin ruwa. Ta huɗun fara ce, mai kujeru masu laushi, ba ta fita sai za a tarbi manyan baƙi. Direbobinsa kan ce ko ƙuda sai ya yi wanka kafin ya sauka a kanta.

Yana da wa, tsohon kafinta, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu.

Wata rana da hantsi 'yar wan nasa ta shigo ko takalmi babu. Ta durƙusa ta ce numfashin babanta na sarƙewa, yana ta amai, a taimaka da mota zuwa asibiti. Motoci uku sun fita aiki. Farar ce kaɗai a gareji, an wanke ta domin baƙin da za su zo da yamma.

Mai Tsari ya dubi kujerun, ya tuna da amai. Ba ƙin ɗan'uwansa yake yi ba. Gani ya yi tsohon ya saba irin wannan ciwo, kuma kullum yana tashi.

"Yi haƙuri, 'yata. Ta yashi tana hanya, yanzu za ta iso."

"Baffa, ga mota a gabanmu."

"Wannan ba aikinta ba ne."

Ta miƙe ta fita.

Ta yashi kuwa tayarta ta fashe a hanya. Da maƙwabta suka gaji da jira, suka shimfiɗa tsohon a amalanke suka tura. Ba su kai ƙofar asibiti ba rai ya yi halinsa.

Da labari ya iske Mai Tsari, shi da kansa ya tuƙo farar motar domin a ɗauki gawa. Matar marigayin ta aiko daga ciki cewa an gode, ya mayar da ita kada ta yi datti.

A kafaɗa aka ɗauki marigayin zuwa maƙabarta. Duk lokacin da Mai Tsari ya matsa zai sa tasa kafaɗar, sai wani ya riga shi. Babu wanda ya zage shi, babu kuma wanda ya ba shi wuri.

Har yau idan sun haɗu, yarinyar takan rusuna ta gaishe shi da ladabi: "Ina kwana, Mai Tsari." Kalmar Baffa bai sake jinta a bakinta ba.

Darasi: Tsari abu ne mai kyau, amma an yi kaya ne domin mutum, ba mutum domin kaya ba. Kujera tana wankuwa, rai ba ya dawowa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan tun nasa na raye.