Ranar da Rabe Magini Ya Hana Abokinsa Rantsuwa

Akwai wani magini a Magama, wani gari na bakin iyaka, ana ce masa Malam Rabe. Ya tashi ne a zamanin da kan iyaka ke cike da motocin Maraɗi, zamanin da mutum zai kama hannunka ya ce "gina mini ɗaki uku", shi ke nan an gama magana. Shekara talatin yana gini bai taɓa rubuta takarda da kowa ba.

Yana da abokin ƙuruciya, Alhaji Maharazu ɗan kasuwa. Tare suka yi makarantar allo, tare suka fara tallar rake a tasha. Da Maharazu ya tashi gina gida, sai ya ba Rabe aikin. Ya biya rabi, sauran ya ce sai an gama.

Rabe ya ci bashin bulo da siminti da sunansa, ya kammala gida har fenti. Cikon kuɗinsa naira dubu ɗari tara.

Sai aka rufe iyaka, kasuwar Maharazu ta tsaya. Da farko haƙuri yake ba Rabe, daga baya ya daina ɗaukar waya. Ranar da Rabe ya same shi a ƙofar sabon gidan, gaban mutane Maharazu ya ce:

"Wane ciko kuma? Ina takardar da na sa wa hannu?"

Leburorin Rabe, waɗanda su ma ba a sallame su ba, suka fusata.

"Maigida, ka bari mu je mu kware kwanon nan!"

"Ko ƙusa kada wanda ya taɓa," in ji Rabe. "Muna taɓawa mun koma masu laifi."

Ya kai magana wurin mai unguwa. Sau biyu ana kiran Maharazu sulhu bai zo ba. Sannan Rabe ya sa aka rubuta masa takardar neman biya, da wa'adin mako biyu. Da wa'adi ya cika shiru, ya shigar da ƙara kotun shari'a, aka kai sammaci.

A kotu Maharazu ya musanta. Mai bulo ya shaida an yi aiki, amma babu wanda ya ji lokacin da suka yanke farashi. Alƙali ya ce tunda mai ƙara bai cika hujja ba, sai wanda ya musa ya rantse.

Maharazu ya yi alwala ya dawo. Rabe ya dube shi, ya tuna yadda suke raba ƙosai ɗaya biyu suna yara. Sai ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, na janye. Kada ya rantse. Gara in rasa kuɗina da in ga Maharazu ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya."

Maharazu ya durƙusa, hawaye na zuba.

"Yana bi na, Allah gafarta Malam. Dubu ɗari tara cif. Kunyar a ce na karye ce ta sa na musa."

Alƙali ya rubuta iƙirarinsa, ya yanke ya biya kashi-kashi cikin wata shida. Maharazu ya sayar da gonarsa ta Gangara, wata huɗu bai cika ba ya biya duka. Kason ƙarshe da kansa ya kawo, ya tsaya daga soro ya kasa shiga.

Rabe ya leƙo ya ce, "Kai Maharazu, yaushe ka zama baƙo a gidan nan? Shigo, tuwo na hucewa."

Darasi: In an riƙe maka haƙƙi, kada ka ɗauki doka a hannunka. Bi ta sulhu, in ta ƙi ka je gaban alƙali, kuma ka rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwanka ne. Wanda ake bi kuwa, faɗin "ba ni da shi yanzu" ya fi musu daraja. Ku tura wa wasu su ma su amfana.