Koriyar Motar da Ejvind Yake Jira

Akwai wata dattijuwa a garin Lemvig mai suna Bodil. Mijinta Ejvind yana gidan kula da tsofaffi, ciwon mantuwa ya cinye masa kusan komai. 'Ya'yansa ma ba ya gane su.

Amma duk Lahadi, da ya hango tsohuwar koriyar motarsu ta taga, sai fuskarsa ta washe ya ce, "Ga Bodil nan!" Su tafi bakin teku su sha kofi a cikin mota.

Preben, bakaniken unguwarsu, ya sha gaya mata, "Bodil, bel ɗin taimin nan, mai daidaita motsin injin motarki, ya tsufa. Kawo in canza."

Ita kuwa akwai taurin kai, wallahi. "Haba Preben! Motar da ba ta fita sai Lahadi? Ejvind ya ce da tafiya ake auna bel. Kai dai hannunka ne ke ƙaiƙayi."

"Roba ce fa. Ko a ajiye take, tsufa take yi."

Dariya kawai ta yi.

Wata Lahadi tana kan hanya, sai ji ta yi ƙas! Mota ta mutu. Ta yi ta murza makulli, injin yana juyawa fayau, babu nauyi.

A gareji Preben ya cire fulogi, ya zura 'yar kyamara ta ramin, ya juyo mata allon. "Kin ga wannan tabon a kan fistin, ƙarfen nan mai hawa da sauka a cikin inji? Da bel ya tsinke, bawul, wato 'yan ƙofofin injin, suka tsaya a buɗe, fistin ya taso ya doke su. Duk sun lanƙwashe. Wannan fistin ma ya tsage."

"To gyara mana."

"Kayan irin wannan injin sai an yi cigiya. Watanni, in ma an samu."

Ta ce, "Preben, Ejvind ba shi da watanni."

Preben bai ce ai na faɗa miki ba. Makullin farar motarsa ya miƙa mata.

Ta isa gidan tsofaffin da farar motar, ta tarar da Ejvind a bakin taga da hularsa a kai. Ta kama hannunsa. "Taso mu je teku."

Ya janye hannun a hankali. "Yi haƙuri, baiwar Allah. Matata nake jira. Koriyar mota gare ta."

Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, suna kallon hanya tare.

Darasi: Shirun abu ba lafiyarsa ba ne. Idan wanda ya sani ya ce ka gyara, gyara tun bai tsinke ba, don wata ɓarnar ba a injin take tsayawa ba. Tura wa wanda ka san yana ta cewa "sai wani satin".