Munduwar Gwaggo Hansai

Ku kife wayoyin nan ku matso kusa. Labarin yau ni zan fara shi, amma ku za ku ƙarasa.

A wata unguwa a Funtuwa akwai wata dattijuwa, Gwaggo Hansai, wadda rumfar gidanta ta zama wurin kallon matan layin tun da ɗanta ya sa mata sola. Duk Asabar bayan la'asar sai a ɗora talabijin a kan kifaffen turmi, a shimfiɗa tabarmi, a kalli wani wasan asibiti mai dogon zango da ake kira Farar Riga. Tauraruwar wasan wata ma'aikaciyar jinya ce, Sista Rakiya, mai faɗa da tausayi, wadda kullum take maƙale da ɗan agogo a ƙirjin rigarta. Gwaggo ta san wasa ne. In an tuna mata, takan ce, "Na sani. Amma in yarinyar nan ta daka wa majinyaci tsawa ya shanye maganinsa, har ni sai in ji jikina ya yi sauƙi."

Ana nan sai masu shirya wasan suka ɗora wa Sista ciwon daji a mama, likita kuma ya shaida mata ya riga ya bazu, babu sauran abin yi. Unguwa ta rikice. Mai shayin bakin layi ya rantse ya daina bin wasan, amma Asabar na zagayowa ya sa matarsa ta jiyo masa yadda jikin yake. Wata ta buga waya gidan rediyo tana karanto haɗin sassaƙe, a isar wa Sista. Wata kuma ta toya waina ta raba sadaka. Da liman ya tambayi sunan mara lafiyar ta faɗa masa, sai ya ce Allah ya ba duk masu irin ciwon lafiya, aka shafa.

Gwaggo ce kaɗai ta yi tsit, ita da ba ta iya kallo sai da sharhi. Dalili kuwa, tun daminar da ta wuce ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. Da fari kamar gurjiya yake, yanzu ya kusa goro. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta riƙa kallon Sista tana ramewa mako bayan mako, tana ce wa zuciyarta ga hanyarta nan ana nuna mata.

Mata uku ne suka fi kusa da ita: Laure mai kitso, 'yar ƙaninta, da Barira, matar ɗanta, malamar makaranta, da Yahanasu, ƙawarta tun suna 'yan mata.

Laure ce ke yi mata kitso lokacin kallo, don haka ita a baya take zama, tana ganin abin da sauran ba sa gani. Ta lura duk sa'ad da Sista ta dafe ƙirji, hannun Gwaggo sai ya sulale ƙarƙashin mayafi, daidai wurin. Ta kuma lura Gwaggo ta daina ɗaga hannun hagu ta riƙe mata gashi. Da mata suka watse ta tsaya tana tsefe abin da ba ya bukatar tsifa, ta tambaye ta a hankali, ta sake tambaya, har Gwaggo ta kama hannunta ta ɗora a wurin. "Kin ji, to ya ishe ki. Rantse ba za ki faɗa ba." Laure ta rantse, don ta ga in ba ta rantse ba ko kitson ma za a hana ta. Ta je gida ta kasa cin abinci. Washegari ta sami Barira da Yahanasu ta faɗa musu komai, ta ɗauki azumin kaffara. Gwaggo ta yi fushi, ta kai kanta wajen wata mai kitson, wadda ta ja mata gashi har ta kasa yin sujada yadda ta saba.

Yahanasu ta zo mata da maganar asibiti, Gwaggo ta tare ta tun daga bakin ƙofa. "Sista Rakiya a cikin asibiti take wuni, likitoci ne ke gaishe ta da safe. Ga ta nan tana tafiya suna kallo. Ni da zan zo daga waje me za su yi mini?" Daga ranar duk wanda ya buɗe baki, da Sista ake rufe masa shi.

Barira kuwa suruka ce. Ba ta taɓa ambatar sunan Gwaggo ba, balle ta yi mata maganar mama. Sai ta bi wata hanyar. Ta sauko da tsofaffin fitowar wasan a wayarta tun daga ta farko, tana kallo ɗaya bayan ɗaya a lokacin hutun tara da bayan an tashi makaranta, tana neman inda ciwon ya fara. Sauran malamai suka riƙa yi mata dariya, wai Malama ta kamu. Ta yi makonni tana bi kafin ta samu. Ranar ta durƙusa gefen tabarma, ta miƙa wayar da hannu biyu. "Inna, wani wuri ne ya shige mini duhu, na ce ko za ki duba mini."

Gwaggo ta karɓa. Ga Sista nan da ƙibarta a ɗakin canja kaya, hannunta ya taɓa ƙirji, ta tsaya cak. Aka kira ta daga waje, ta ɓalla maɓalli ta fita da fara'a. Barira ta nuna mata wani wurin, inda abokiyar aiki ta tambayi Sista lafiya, ta ce gajiya ce kawai.

"Wannan na yaushe ne?"

"Tun ina goyon ƙaramar jikarki, Inna. Ga ta yanzu tana zuwa makaranta."

Gwaggo ta ajiye wayar. "Ashe ba asibitin ne ya kasa ba. Ita ce ta ɓoye."

"Ni dai ban ce komai ba, Inna," in ji Barira, idonta a ƙasa.

Gwaggo ta yi kuka ranar, rabi don kanta, rabi don an nuna mata laifin wadda take ƙauna. Amma daga nan ba ta ƙara kafa hujja da Sista ba. Ta ce za ta je.

Sai dai zuciya ce ta yarda, ƙafa ta ƙi. Duk ranar da aka sa, sai uzuri ya fito: yau akwai suna, gobe baƙi za su zo daga ƙauye, jibi ta jiƙa gero. A tsakanin nan Sista Rakiya ta cika. Kafin ta rufe ido ta ciro agogon ƙirjinta ta ba wata ɗalibarta, abin da ya raba unguwa gida biyu, don wasu na ganin direban motar asibiti ya fi yi mata hidima. Mata suka cika rumfar Gwaggo kamar gidan makoki, har da masu cewa "ya haƙuri" suna jin kunyar kansu.

A nan Yahanasu ta gyara zama. Ta san ƙawarta: Hansai na iya ƙin zuwa biki, amma tun tasowarta ba a taɓa yin dubiya babu ita da kunun gyaɗarta ba. Ta ce, "Wannan mamaciya ba ta da kabari, ba ta da dangin da za mu gaisar. Amma masu irin ciwonta suna kwance a babban asibiti. Mu je mu duba su da sunanta." Kowa ya ce haka ya kamata. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, ta riga ta je ta yi ta zarya har ta samu wata likita mace, ta kwashe labarin duka ta gaya mata.

Gwaggo ta dama kunu ta cika fulas, ta yafa mayafinta na fita, ta shiga gaba. A ɗakin matan ta tarar da wata mutuniyar Bakori da aka yi wa tiyata, zaune a gado tana neman wanda zai faɗa mata wa aka ba agogon, don su ba su da talabijin. Gwaggo ta zauna ta zuba mata kunu, ta shiga ba ta labari har da kwaikwayon murya. Matar ta sha ta ƙara, ta ɗage riga ta nuna mata ɗaurin ba tare da wata kunya ba, ta ce an ce mata za ta koma gida kafin girbi.

Likitar ta iso ta tsaya a kansu. "Mama, ke kika dama kunun nan? Ƙawarki ta ce hannun hagu na damunki wajen damu. Zo mu shiga nan in duba."

Gwaggo ta juya ta dubi Yahanasu. "Tsohuwar munafuka."

"Na ji. Shiga, ina riƙe miki da fulas."

Ta shiga. Gwaji ya nuna ciwon ne, amma Allah ya sa bai bazu ba, kuma likitar ta ce da an ƙara jinkiri da maganar ta zama wata. Aka yi tiyata, aka bi da magunguna masu wahala. Gashinta ya zube kaf, Laure ta riƙa zuwa duk Asabar tana shafa mata mai a kan da babu abin kitsewa. Daga baya ya sake tsirowa, fari tas, mai laushi. Gwaggo ta koma tabarmarta da sharhinta, ta ce sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo a wasan ko allura ba ta iya riƙewa ba.

To, Gwaggo tana da wata munduwar azurfa da ta gada daga mahaifiyarta. A gidansu mace kan ba da ita ga macen da ta tsaya mata a ranar tsanani, ita kuwa ba ta haifi mace ba. Ta ce ba za ta jira sai tana bakin mutuwa kamar Sista ba, da ranta da lafiyarta za ta bayar. Ta ciro ta ta ajiye a cinya, ta dubi matan nan uku.

Ta dubi Laure: da ba ta lura ba, da ba ta karya rantsuwa ta jure fushinta ba, da babu wanda ya san da ciwon sai ya gama aikinsa. Ta dubi Barira: da ba ta bi wasan nan da haƙuri ta rushe mata hujja ba, da ko an ɗauke ta an kai ta, ba za ta yarda a taɓa ta ba. Ta dubi Yahanasu, wadda ke ta cin goronta kamar ba da ita ake ba: da ba ta san ta ciki da waje ba, da har yau gero take jiƙawa. Ɗaya ta tona mata asiri, ɗaya ta sa ta kuka, ɗaya ta yaudare ta, kuma ba ta ga wadda za ta cire ta ce da ta rayu ba tare da ita ba.

An kira magariba munduwar tana nan a cinyarta, kuma guda ɗaya ce, ba ta rabuwa. To, ku da kuka ji komai, a hannun wa ya kamata Gwaggo Hansai ta sa ta?