Jarumin da Bai Taɓa Faɗuwa Ba

A shekarar 1987, a wani kamfanin alewa da ke Bompai a Kano, akwai wani mai zane ana ce masa Isyaku. Shi ke zana hotunan da ake bugawa a takardar naɗe alewa. Hannu kam Allah ya ba shi, in ya zana lemo sai yawunka ya tsinke. Aibinsa ɗaya ne: ba a yi masa gyara. Ko hularsa ka ce ta karkace, sai ya ce idonka ne ya karkace.

Isyaku ya ƙirƙiro wani jarumi na labarin zane, ya raɗa masa suna Ɗan Tsawa. Jarumin yana tashi sama da jar alkyabba, yana ɗaga tirela da hannu ɗaya. Fuskarsa kuwa kowa ya santa, don gashin bakin Isyaku ne, har da wushiryar.

Wata rana ya kai wa manaja, Alhaji Uwaisu, ya roƙi a riƙa buga labarin a ƙananan katuna ana sakawa cikin kwalin alewa.

Alhaji ya duba, ya ce, "Zane ya yi kyau. Amma ni mai alewa ne, sai an ɗanɗana nake yarda. Kowace Litinin ka liƙa shafi ɗaya a allon ɗakin cin abinci. Bayan mako huɗu zan leƙo. In na tarar ma'aikata na rububin karantawa, za a buga, da sunanka a kan kowane kati."

Isyaku ya fito yana tafiya kamar an riga an buga. Abin da yake mafarki ke nan tun yana makaranta: sunansa ya shiga kowane kanti daga Kano har Maraɗi.

Makon farko gaban allon ya cika da mutane. Ɗan Tsawa ya haɗu da aljanu goma, ya watsa su da mari ɗaya. Aka yi ta tafi. Mako na biyu aljanu ashirin ne, mari ɗaya. Aka ɗan yi tafi.

A makon nan ne injiniyan kamfanin, Lawan, ya dawo daga kwas a ƙasar waje da wani ɗan akwatin wasa. Ya jona shi da talabijin ɗin ɗakin cin abinci. A ciki akwai wani ɗan mutum mai takobi, ana tuƙa shi da sanda da maɓalli. Aikinsa ya tsallake gada a kan kogin wuta, ya je ya yaƙi dodo. Rai uku gare shi, in sun ƙare sai ka miƙa wa na bayanka.

Kafin kwana uku, lokacin hutun rana ya koma na akwati. Mutum zai bar shinkafarsa ta huce yana ihu, "Yi tsalle! Yi tsalle mana!" Allon Isyaku kuwa sai ƙudaje.

Abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Ya tsare Saratu, wata 'yar Kafanchan da ke sashen cika kwali, wadda ba ta iya ɓoye gaskiya ba ko ana biyanta.

"Saratu, don Allah dubi wancan abin. Mutum kamar kwalin ashana, ba hanci ba baki, kiɗa kamar kukan kwaɗi. Wannan kuka bar zanena dominsa?"

Ta yi dariya. "Malam Isyaku, zanenka ya fi nasa sau dubu. Amma shi ɗan kwalin ashanan yana mutuwa. Jiya sau tara Lawan ya faɗa wuta, saura taku biyu ya ƙetare, har ni sai da na dafe ƙirji. Naka fa? Tun daga hoton farko mun san mari zai yi. Ka bari a kayar da shi ko sau ɗaya, mu ji tsoro, mu kwana muna tunanin yadda zai tashi."

"A kayar da Ɗan Tsawa? A ƙasa? Gaban mutane?"

"To, ai ba kai za a kayar ba."

Nan ne fa gizo ke saƙa, don a wurin Isyaku shi ɗin ne. Ya ce ita da ke cika kwali me ta sani game da fasaha, ya kaɗa riga ya tafi. Mako na uku ya ƙara aljanun zuwa hamsin. Mako na huɗu ya zauna ya zuba duk gwanintarsa: aljanu ɗari, kowanne da irin ƙahonsa, Ɗan Tsawa ya share su da atishawa.

Ranar alkawari Isyaku ya sa kayan da suka sha guga, ya tsaya kusa da allo shi kaɗai. Alhaji Uwaisu ya shigo ana tsakiyar hayaniya, don a karon farko Saratu ta ƙetare gadar, ɗakin ya kaure da sowa, har mai dafa abinci ta fito da ludayi a hannu. Alhaji ya dubi taron, ya dubi allon, ya nufi wajen talabijin.

Isyaku ya bi shi da sauri. "Alhaji, ga shafin can, ba ku karanta ba."

"Ya yi nasara?"

"Ya yi, ranka ya daɗe."

"Ko ƙwarzane bai samu ba?"

"Ko ɗaya."

"To ai na karanta," in ji Alhaji. Ya naɗe hannun babbar rigarsa ya ce wa Saratu, "'Yata, in dodon ya cinye ki, ni ne na gaba."

Ba a buga katin ba.

Mai karatu, ka lura da abin da ya kayar da Isyaku. Ba rashin gwaninta ba ne, girman kai ne. An faɗa masa gaskiya saura mako biyu, lokacin da gyara ke da amfani, ya raina mai faɗar saboda aikinta. Ingancin abin da ka yi ba kai ke yanke hukuncinsa ba, waɗanda ka yi dominsu ne. In wani ya nuna maka inda aikinka ya gaza, ka saurara, ka gode, ka gyara tun da sauran lokaci.